Karen da Ya Riƙe Zomo Bai Ci Ba

Ƙannena matasan Jidda da Makka, ku ba ni aron kunnuwanku. Maganar kare zan yi, kuma da gaske nake.

Shekarun baya na yi aiki a wata gona a bayan Ɗa'ifa. Mai gonar dattijo ne, yana da karen farauta irin wanda Larabawa ke kira saluƙi, siriri, dogayen ƙafafu, ciki kamar an ɗaure. Wata safiya na ga an sake shi a kan zomo. Ya kamo shi, ya tsaya yana haki, yawu na zuba, tun jiya bai ci komai ba, amma bai yagi ko tsoka ɗaya ba har dattijon ya ƙaraso. Jikina ya yi sanyi. Na tambayi tsohon yadda aka yi, ya ce wata da watanni ya yi yana koya masa, kuma abin da ya fi wuya ba gudun ba ne, haƙurin ne.

Ashe Alƙur'ani ya riga ya faɗa. A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida an halatta mana abin da horarrun dabbobin farauta suka riƙe dominmu. Manzon Allah (SAW) ya gaya wa Adiyyu ɗan Hatim cewa idan karen ya ci daga abin da ya kama, to kada ya ci, don ana tsoron kansa ya kamawa. Malikiyya sun sassauta a nan, amma mafi yawan malamai da wannan suke gane kare mai ilimi: a tura shi ya tafi, a tsawata masa ya tsaya, ya kama bai ci ba.

Masu bincike ma sun auna basirar kare. Stanley Coren, masanin halayya a Kanada, ya ce kare na iya gane kalmomi kamar 165, kuma fahimtarsa ta yi kusa da ta yaro ɗan shekara 2 zuwa 2 da rabi. A Amurka an yi wata karya mai suna Chaser da ta haddace sunayen kayan wasa 1,022, a kira sunan abu ta je ta ɗauko shi cikin tari. Wajen hanci kuwa ba ma kusa da shi, shi ya sa kuke ganin jami'an kwastan na yawo da karnuka a filayen jirgi. Duk da haka ƙwayoyin tunani da ke ɓawon ƙwaƙwalwarsa kamar miliyan 530 ne, na ɗan Adam kuwa kamar biliyan 16. Kare ba ya tuna alkawarin da ya ɗauka bara, ba ya lissafin hisabi, bai san ana rubuta masa komai ba. Mu mun san duk wannan.

To me ya same mu? Da hannuna na kai yaron wata 'yar'uwata wurin wani mai baƙala, wato kantin kayan masarufi, na tsaya masa, na ce yaron kirki ne. Hazikin gaske ne, Larabcinsa ya fi nawa, lissafi kuwa kafin ka danna waya ya gama. Wata uku ba a yi ba aka fara ganin giɓi a aljihun tebur. Yau riyal 20, gobe 50, wai aro ne zai mayar. Ranar da mai shagon ya kira ni ya juyo mini da hoton kyamara, wallahi na rasa inda zan sa fuskata. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Kai ka kawo shi." Har yau in na bi ta layin nan sai na sunkuyar da kai, kuma tun daga ranar bai sake ɗaukar Bahaushe aiki ba.

Na san abin da kuke faɗa a majalisa: karen bana shi ke maganin zomon bana, zamani na masu wayo ne. Ai karen bana ɗin ma maigidansa yake kai wa zomon. Wayon da kuke taƙama da shi, na yanke wa alhaji canji don bai san kuɗin ƙasar ba, ko na taɓa saƙon da aka ba ku ku kai wa wata tsohuwa, ko kura ta iya shi. Hankali shi ne ka ga nama a bakinka, yunwa na cinka, ka tuna mai shi.

Kuma ku dubi inda muke zaune. Da iƙama, wato takardar izinin zama, muke rayuwa a ƙasar nan, ƙara ɗaya ta isa ta kai mutum gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasa, iyayensa da suka shekara 40 suna tara mutunci su kwana suna kuka. Mahaifiyar yaron nan sai da ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya muka biya mai baƙala, don kada maganar ta kai ga hukuma. Ni na raka ta kasuwa, hannunta na rawa lokacin da take cire su.