Yadda kati zai tashi daga Jidda ya isa Kano

Katin gaisuwa marar ambulan, irin mai hoton Ka'aba ko Masallacin Annabi, yawanci a wajen adireshi yake salwanta. Mu da ke zaune a Saudiyya mun saba da adireshin ƙasa: lambar gini mai alƙaluma 4, titi, unguwa, gari, lambar yanki mai alƙaluma 5, da ƙarin lamba mai 4. A gida kuwa har gobe kwatance muke yi, "bayan masallacin Juma'a, gidan Alhaji mai shago". Ɗan unguwa zai gane, amma mai rarraba wasiƙu ba ɗan unguwarku ba ne.

Bayan katin kashi biyu ne. Hagu na saƙo, dama na adireshi, kan sarki kuma a kusurwar sama ta dama. Wanda hannunsa ya saba da Larabci sai ya fara gaisuwa daga dama ya cinye gurbin adireshin, to a kula. A rubuta da boko, manyan baƙaƙe: sunan mutum, lambar gida da titi, unguwa, gari da lambar yanki, jiha. Lambar yanki a Najeriya alƙaluma 6 ce, ta babban gidan wayar Kano 700001, ta Kaduna 800001.

Layin ƙarshe na sunan ƙasa ne shi kaɗai, kuma nan ne ramin. Da Larabci Annijar da Nijeriya kusan tagwaye ne, da boko ma baƙi biyu ne suka raba NIGER da NIGERIA. A rubuta shi ɓaro-ɓaro da boko, a maimaita da Larabci a gefe saboda ma'aikacin gidan waya na nan Saudiyya. Katin Zariya da ya sauka Yamai, sai dai addu'a.

A ganina akwatin gidan waya na makaranta ko wurin aikin mutum ya fi adireshin gida tabbas. In babu, a ƙara lambar wayarsa.

A yi amfani da biro, don tawada mai ruwa takan dame a kan kati mai santsi. Girman da aka saba santimita 10.5 da 14.8 ne. A kai katin hannun ma'aikaci a ofishin SPL, wato gidan wayar Saudiyya, shi zai faɗi kuɗin aikawa Najeriya, ban da ranar Juma'a. Kowa na iya karanta abin da ke jiki, saboda haka zancen kuɗi da na aure a bar wa WhatsApp.