Sai an duba bakin mahaifa kafin a ba da ƙwayar tazarar haihuwa?

Mata da yawa na fasa zuwa karɓar ƙwayar tazarar haihuwa don an ce musu sai an kwantar da su an saka ƙarfe an duba bakin mahaifa tukuna. Ba haka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wannan a sharaɗi ba.

Abin da ma'aikaciya ke buƙata shi ne ta auna hawan jini, ta yi tambayoyi: kina shan taba kuma kin kai shekara 35? Jini ya taɓa daskare miki a jijiyar ƙafa? Kina fama da ciwon kai mai zuwa da walƙiya a ido? Jaririnki bai kai wata shida ba kina shayarwa? Amsoshin nan ne ke nuna ko ƙwaya mai sinadari biyu ta dace da ke, ko mai ɗaya.

Gwajin sankarar bakin mahaifa daban yake, kuma yana ceton rai. Ana son a fara daga shekara 30, mai ɗauke da HIV daga 25. Sai da yardarki ake yi, kina iya cewa a bari zuwa wata rana, ki karɓi ƙwayarki ki tafi.