Tarihin duniya ya ratsa ta Kano, a nuna wa yaranmu

Yaro ɗan shekara sha biyar a Fagge zai jero maka 'yan wasan Real Madrid ko numfashi bai ja ba, amma ka tambaye shi me ya kai kakanninmu yaƙin ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu, sai ya yi tsuru-tsuru. Wallahi ban ga laifinsa ba. Shekaru aka kwashe babu darasin tarihi a firamare da ƙaramar sakandare, ɗan abin da ya sani a TikTok ya tsinto shi, gaskiya da ƙarya a cakuɗe.

Roƙona ga malamanmu na Sashen Tarihi a Jami'ar Bayero: ku riƙa zama da 'yan sakandare lokacin hutu, a Gidan Makama ko Mambayya. Zaman bita nake nufi, yara ashirin ko talatin, a baje taswira, a ba su tsohon hoto su juya, su yi musu har a gamsar da su.

Kuma a fara daga gida. Ɗauki gyaɗa kawai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa na sa ran auduga za su kwasa zuwa masaƙun Ingila. Manomanmu suka auna farashi, suka ga gyaɗa ta fi riba, domin masana'antun Turai na neman manta don sabulu da man shafa wa burodi. Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali, da bunƙasar attajirai irin Alhassan Dantata. Yaron da ya gane wannan ya riga ya sa ƙafa cikin tarihin juyin masana'antu, kuma ya ga cewa kakansa manomi ya iya lissafi.

Haka zuwan Shehu Maghili daga Tilimsan a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa zai buɗe musu Arewacin Afirka da hanyoyin Sahara. Cin Kano da Turawan Ingila suka yi a 1903 kuwa ba ya fahimtuwa sai an koma taron Balin (Berlin) na 1884, inda ƙasashen Turai suka zauna kan rabon Afirka.

Na san wani zai ce tarihi ba ya kawo abinci. To, matashin da ya koyi tambayar "wa ya faɗa, yaushe, don me?" ba kowane bidiyo ne zai tunzura shi ba, kuma mun ga abin da jita-jita ke jawowa a garin nan.

Malaman muna da su, wurin zama akwai. Kuɗin mota da abincin rana ne suka rage, wannan kuwa bai fi ƙarfin 'yan kasuwar Kwari da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ba.