Kafin ku ce kun gano dabbar nan, ku koma wurin Daniyel

'Yan'uwana matasa, ina da magana da ku a kan littafin Wahayin Yahaya. Da zarar wani abu ya girgiza duniya, sai ku cika WhatsApp da saƙonni: wai shugaba wane ne dabbar da littafin ya ambata, wai allurar rigakafi ce 666, lambar dabbar. Ku bi a hankali. Wanda bai san annabawan Ibraniyawa ba, ya shiga littafin nan ta taga ne.

Ku duba dabbar sura 13. Ta fito daga teku da ƙaho goma, kamarta ta damisa, ƙafafunta na beyar, bakinta na zaki. Yahaya bai ƙago waɗannan siffofi ba. A sura 7 ta Daniyel, dabbobi huɗu ne suka fito daga teku: zaki, beyar, damisa, sai ta huɗu mai ƙaho goma, kuma Daniyel ya faɗi a fili cewa mulkoki ne. Yahaya ya haɗe su a jiki guda, wato duk zaluncin daulolin baya ya taru a daula ɗaya. Ikilisiyoyin Afisa da Samirna, biyu daga cikin waɗanda Yahaya ya rubuta wa, ba su yi wata duba ba, sun gane nan take, domin a ƙarƙashin Roma suke kwana suke tashi.

Haka sunan Babila. Babila ce ta rushe Haikalin Urushalima a 586 kafin haihuwar Almasihu, Roma ta sake rushe shi a shekara ta 70. To, da Yahaya ya ce macen da ya kira Babila a sura 17 tana zaune a kan tuddai bakwai, wane birni kuke tsammani yake nufi?

Sauran ma haka suke. Dawakan sura 6 daga Zakariya suka taso. Littafin da aka ba Yahaya ya ci, Ezekiyel ya riga shi ci, shi ma ya ji shi da zaƙi kamar zuma. Sabuwar sama da sabuwar duniya kuwa, Ishaya 65 ne.

Abin da ke damuna, masu tura saƙonnin nan da yawa ba su taɓa buɗe Ezekiyel ba, amma su ne kan gaba wajen tsorata iyayenmu mata. Yahaya yana tsibirin Batmusa ya rubuto wa mutanen da ke shan tsanani don su daure. A taron matasa na mako mai zuwa, ku zo da Daniyel 7 da Wahayi 13, mu karanta su gefe da gefe, aya bayan aya.