Wa ya ɗaura wa inji aure da fetur?

Sau uku aka turo mini saƙon muryar nan a WhatsApp cikin mako guda, na ƙarshe daga kawuna da ke jan Golf tsakanin Katsina da Daura. Mai maganar bai faɗi sunansa ba balle garejinsa, amma har da rantsuwa: wai duk wanda ya juya motarsa zuwa gas ɗin CNG, wato iskar gas da ake matsewa a tukunya, ya kashe injinsa da hannunsa, don Bature fetur ya ƙera wa inji. Kawu ya tambaye ni, ni da na yi boko, ko gaskiya ne. Shi na ba shi amsa a waya. Wannan ta sauran waɗanda suka haɗiye maganar ba su tauna ba ce.

Ƙarya ce, kuma tarihin injin ne ya fara ƙaryata ta. Injin da Étienne Lenoir ya fitar a Faransa a 1860 gas ɗin kwal yake sha, irin wanda ake kunna fitilun titi da shi a zamanin. Na Nikolaus Otto na 1876 a Jamus, mai bugu huɗu, ya shaƙa, ya matse, ya ƙone, ya fitar da hayaƙi, shi ma gas aka ƙera masa, kuma wannan tsarin ne har gobe a cikin Golf ɗin Kawu. Matsalar injin gas na lokacin ɗaya ce: a ɗaure yake da bututu kamar akuya a turke. Mai kuwa ruwa ne, ka zuba a tanki ka kama hanya. Da wannan fetur ya ci kasuwa.

Ko da Karl Benz ya yi rajistar motarsa a 1886 babu gidan mai ko ɗaya a duniya. Matarsa Bertha, da ta ɗauki motar da 'ya'yanta biyu a 1888 ta yi tafiyar fiye da kilomita 100 daga Mannheim zuwa Pforzheim, a kantin magani ta tsaya ta sayi wani ruwan goge datti a tufafi, ta zuba ta ci gaba. Ashe ɗan bumburutu na farko mai kemis ne. A baje kolin Paris na 1900 kuwa, da man gyaɗa aka tayar da injin dizal a gaban jama'a, man nan dai da iyayenmu mata ke matsewa in za su yi ƙuli-ƙuli. To a cikin wannan jerin, a ina aka shafa fatihar inji da fetur?

Kuma shi fetur ɗin da ake yi wa wannan kara, me ya rage bai yi mana ba? Da injuna suka ƙara matsi sai suka fara ƙwanƙwasa, sai a 1921 wani injiniyan General Motors, Thomas Midgley, ya gano cewa sinadarin dalma na kashe ƙarar. Aka yi ta zuba dalma a fetur, duniya na shaƙa, har sai 2021 da Aljeriya ta zama ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi. Kusan shekara ɗari. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba ma bukatar a yi mana bayani. A watan Fabrairun 2022 ma, gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin methanol da aka shigo da shi ƙasar nan ne ya kwantar da motocin mutane, kuma a gidan mai suka saya da kuɗinsu. Ban ji an yi saƙon murya ana cewa a bar fetur ba.

Eh, gas busasshe ne, yana iya cin bawul ɗin tsohon inji in ba a saita shi daidai ba, mota na ɗan rage ƙarfi, tukunya kuma na cinye but. Wannan aikin bakanike ne ya koya ya gyara, kamar yadda ya bar kafireta ya koyi injekta bayan ya gama zaginta. Masu cewa a tsallake kai tsaye zuwa motar lantarki kuwa, su fara samo mana wutar da za ta cika waya.

Abin da ya kamata ya hana mu barci daban ne, kuma mai saƙon bai ko taɓo shi ba. A bakinmu abu uku ne ke amsa sunan gas: dizal na tirela, na girki, da CNG. Na ukun ana ɗura shi ne da matsin bar 200, kusan ninki ɗari na iskar da mai faci ke sa wa tayar mota. Tukunyar da mai walda ya harhaɗa a bakin titi ba za ta riƙe wannan ba, kuma irinta ce ta tarwatse a wani gidan gas a birnin Benin na jihar Edo a Oktoban 2024. Wanda duk aka kama yana haɗa irin wannan a rufe shagonsa ranar, ba sai an kafa kwamiti ba.

Ita ma gwamnati kada ta ɗauka na zo wanke ta ne. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ake ta kiran mutane su koma gas, amma bututun gas na AKK (Ajaokuta-Kaduna-Kano) mai kilomita 614, wanda Buhari ɗan Daura ya ƙaddamar da aikinsa a 2020, a taswirarsa Kano ya tsaya. Duk gas ɗin da zai iso mana a bayan mota zai zo. Ga akuyar Otto ta dawo turkenta. Shi ya sa na ce wa Kawu injinsa zai ɗauka sarai, amma kada ya ba kowa ko sisi sai ya ga da idonsa inda zai ɗura in ya sauke fasinja a Daura da yamma.