Inna ta tambaye ni wa ke ba lambun ruwa

A watan Afrilun bara Inna ta zo wurina Santambul a duba mata gwiwa. Da likita ya sallame mu, ya ce ta riƙa ɗan taka ƙafa kullum, sai na rasa inda zan kai ta. Unguwar da nake zaune duk hawa da gangara ce, ga 'yan dako masu tura dilolin kaya ba su ganin gabansu. Na sa ta a jirgin lantarkin nan da ke ratsa tsohon gari, muka sauka tashar Gulhane, muka shiga lambun Gulhane ta babbar ƙofa. Ta yi tafiyar kamar minti goma tana dogara sanda, ta sami benci ta zauna, ta ɗaga kai tana bin itatuwa da kallo.

Can ta ce, "Wai ni Auta, lambun wane ne wannan?"

Na ce, "Na kowa ne, Inna."

Ta taɓe baki. "Abin kowa ai ba shi rai. Wa ke ba shi ruwa?"

Shekarata tara a garin nan, na shiga Gulhane ba adadi, ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba. Ita kuwa da zamanta na farko ta kama bakin zaren.

Tambayarta ta farko ma tana kan hanya, don asalin wurin lambun sarki ne. Bayan Sultan Muhammad Fatih ya ci birnin a 1453 ya gina fadar Topkapi a kan tudun da ke kallon teku, aka zagaye ta da katanga, wannan gefe na gangaren ya zama lambun waje na fada. Gulhane da Turkanci gidan furen wardi ke nan. Shekaru ɗaruruwa talaka ba ya sa ƙafa a ciki. A jikin katangar, daidai kwanar da jirgin ke bi, akwai wani ɗan soro mai tagogi da ya leƙo titi, wanda ginin da ake gani yanzu na zamanin Sultan Mahmud na biyu ne. Nan sarki ke zama ya kalli jerin gwanon sojoji da masu sana'a suna wucewa. Ranar da na fara jin aikinsa sai da na yi dariya, don Ƙofar Soro ta fadar Sarkin Katsina ce ta faɗo mani a rai, da yadda hakimai ke zuwa jafi ranar hawan Sallah. Yau soron ɗakin karatu ne, ɗalibai ke cika shi.

A cikin wannan lambu ne, ranar 3 ga Nuwamba 1839, Mustafa Rashid Pasha ya karanta sanarwar da ta buɗe zamanin gyare-gyaren da Turkawa ke kira Tanzimat, a madadin Sultan Abdulmajid wanda a lokacin yaro ne ɗan shekara 16. Sanarwar ta yi alkawarin kare rai da dukiya da mutuncin kowane talaka ko mene ne addininsa, da tsara haraji, da tsara ɗaukar soja. Shekara biyu ke nan da rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a tamu Daular Usmaniyyar. Sunan nan ɗaya da muke kiran daulolin biyu da shi yana rikita yara in ina ba su labari, sai na ce ta Turkawa da ta Shehu.

Sarakunan sun bar Topkapi a tsakiyar ƙarni na 19 suka koma sabuwar fada a bakin ruwa, lambun ya fara lalacewa, har titin jirgin ƙasa ya yanki gefensa na bakin teku. A 1912 magajin garin Santambul, Jamil Topuzlu, wanda likitan tiyata ne, ya sa aka gyara shi aka buɗe wa jama'a. A wannan shekara Sarki Dikko ne ke gidan Korau, fadar Katsina.

Abin da ya fi tsaya mani a rai a tarihin wurin shi ne faɗuwarsa ta biyu. Tsofaffin garin suna ba da labarin yadda daga baya ya koma kasuwar bukata: ga gidan namun daji a matse, ga lilo, ga rumfuna, ga kiɗa da lasifika, ga siminti ko'ina. Da aka tashi gyara shi a farkon shekarun 2000, babban aikin da aka yi kwashewa ne. Aka fitar da dabbobin, aka rushe rumfunan, aka ɗauke kayan wasan, aka bar itatuwa da ciyawa da hanyoyin ƙafa da bencina. A wurinmu in aka ce za a yi gyara, kowa ya san za a ƙara gini ne, don ginin shi ke da kwangila.

Yanzu in ka shiga, doguwar hanya ce tsakanin manyan itatuwan da suke kira cinar, masu kaurin da mutum biyu ba su rungume wasunsu. A ƙwanƙolinsu zalɓe ke sheƙa, sai ka ji kukansu a sama kamar ana gardama a majalisa. Ga tsirya koraye, ga kyanwoyi ƙosassu da ba su san kora ba. A Afrilu ake shimfiɗa furen tulif launi-launi, su kuma Turkawa sunansa a bakinsu lale. Inna da ta ji haka ta ce to ai furen ya san baƙo, ta amsa mashi da lale marhabin. A can ƙarshen tudu akwai wani ginshiƙin dutse na zamanin Rumawa da ya haura shekara 1,500 a tsaye, daga nan kuma kana hango mashigin Bosforus da jiragen ruwa suna kai da kawo tsakanin Turai da Asiya. A wannan gefe na bakin teku ne Mustafa Kamal Ataturk ya tsaya a watan Agusta 1928 ya shelanta wa jama'a cewa za a bar rubutun Larabci a koma baƙaƙen boko. Duk wanda kakansa ya bar mashi takardun ajami a gafaka ya san nauyin wannan magana, kuma ni ban cikin masu tafa mata. Amma dai a nan aka yi ta.

Tsohon bargar dawakin sarki da ke jingine da katanga an mai da ita gidan tarihin kimiyya da fasahar Musulmi a 2008. A ciki akwai kwaikwayon na'urorin auna taurari, da agogon ruwa, da taswirori, da kayan aikin likitoci, waɗanda aka ƙera bisa bayanin da ke cikin tsofaffin littattafai. Malamin da ya ƙare rayuwarsa a wannan bincike, Farfesa Fuat Sezgin, da ya rasu a 2018 nan kusa da ƙofar gidan aka rufe shi. Shiga gidan tarihin sai da tikiti. Shiga lambun kuwa ko sisi.

To ga abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya. Mu Katsinawa ba a yi mana gorin tsufa. Muna da Gobarau da ake danganta ta da zamanin Muhammadu Korau. Muna da ganuwa da ƙofofinta, Ƙaura da Ƙwaya da Guga da 'Yanɗaka da Sauri da Durɓi da Marusa. Muna da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Muna da Ɗan Marina da Ɗan Masani. Har wurin da ake kira Lambun Sarki muna da shi, ga lambunan wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da ke ci da gari da latas da kabeji da alayyafo. Amma duk faɗin birnin Dikko, a nuna mani wuri ɗaya da mai gyaran babur zai ɗauki matarsa da 'ya'yansa huɗu da tabarma bayan La'asar, su zauna a inuwa, ba a karɓi kuɗin ƙofa ba, ba a ce sai sun sayi lemo ba, ba a kuma yi masu kallon marasa aikin yi ba.

Da na je gida Babbar Sallah na kai 'ya'yan Yaya wani wurin wasan yara. Kuɗin shiga daban, kowane lilo da nasa kuɗi, ƙasa shafe da siminti tana tururi, janareto na ruri, itacen da ke wurin bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Awa ɗaya muka yi, aljihuna ya gaji, yaran ma suka gaji. Ban ga laifin mai wurin ba, kasuwancinsa yake yi. Laifin da nake gani shi ne mun ɗauka wannan shi ne wurin shaƙatawa, ba mu san da wani iri ba.

Na kai wannan magana majalisar Kawu da dare, bai bari na dire ba.

"Kai ɗan nan, zaman Turai ya ɓata ka. Mu da muka tashi da dandali da gindin durumi, wane lambu za ka koya mana?"

Na ce, "Gaskiya ne Kawu, Allah shi ƙara girma. To ina durumin yake yanzu?"

Ya yi shiru, don ya san wanda ke ƙofar gidanmu an sare shi shekarar da aka faɗaɗa hanya, inda yake yanzu shagon cajin waya ne. Filin da muka yi ƙwallo muna yara an yanka shi fuloti-fuloti. Ganuwar da muke hawa, wani wurin an kwashe ƙasarta an yi bulo, wani wurin an yi gida a kanta, wani wurin ta zama juji. A idonmu fili in ba gini a kansa, jira yake a raba shi.

Maganar Kawu tana da ƙamshin gaskiya, ban musa ba. Bahaushe bai rasa wurin zama ba tun fil azal: akwai zaure, akwai dakali, akwai gindin ceɗiya, akwai teburin mai shayi. Sai dai duk waɗannan na maza ne. Inna ta haura saba'in, in ka cire biki da suna da gaisuwar mutuwa da asibiti da Islamiyya, ban san ranar da ta fita don kawai ta sha iska ba. A Gulhane na ga mata da lulluɓinsu har ƙasa, wasu da niƙabi, zaune kan ciyawa da mazajensu da surukansu, an buɗe kwanon abinci, yara na guje-guje, in an kira salla a Aya Sofiya maza su tashi su je su dawo. Ba wanda addininsa ya ragu.

Wani a majalisar ya ce in aka yi irinsa a Katsina, wata uku ya yi yawa zai koma matattarar ƙauraye da 'yan shaye-shaye. Wannan tsoro ne na gaske. Amma wuraren da irin waɗannan yara ke taruwa a garinmu kowa ya san su: kangaye ne da lunguna masu duhu da ba mai bi. Wurin da ke da fitila da mai gadi da tsofaffi zaune da jikoki ba ya yi masu daɗi.

Sai batun ruwa, wanda shi ne mai wuyar. Santambul na samun ruwan sama kusan duk shekara, mu kuwa daga Yuni zuwa Satumba ne, sauran watanni sai hunturu da ƙura da zafin da ke haura 40 a ma'auni. Wanda duk ya ce zai shimfiɗa koriyar ciyawa da tulif a Katsina kuɗin jama'a zai ƙona. Ba ciyawa muke bukata ba. Inuwa muke bukata, kuma itatuwanta muna da su: beɗi da tsamiya da maɗaci da durumi da ceɗiya da marke da gawo. Wahalarsu ta shekara biyu zuwa uku ce, a ba su ruwa da rani, a kewaye su da bulo saboda awaki. Daga nan sun kama ƙasa, su za su riƙe kansu har jikokin jikoki.

Amsar tambayar Inna kuwa daga baya na same ta, wata safiya da na biyo ta wurin da wuri. Ma'aikatan hukumar birni ne cikin kayan aiki, wasu na shara, wasu na jan tiyo, wasu na cire furen da ya bushe suna dasa sabo. Ba biki, ba yanka kyalle, ba allon da ke ɗauke da hoton kowa. Albashi ne ake biya duk wata, shekara da shekaru, don aikin da ba wanda zai yi kamfe da shi. A nan muke faɗuwa. Mun iya ƙaddamar da dashen itace da 'yan jarida da manyan riguna, ranar ce ta farko kuma ta ƙarshe da shukar za ta ga bokiti.

Da za a tambaye ni, ba zan ce a nemi sabon fili a bayan gari inda sai mai mota zai je ba. A bi abin da ya rage na ganuwa, a hana haƙa da gini, a kwashe jujin, a dasa itatuwa layi biyu, a sa dakali. A yi haka a kewayen tsohuwar Kwaleji da Gobarau. A ɗauki masu ban ruwa daga unguwannin da ke wurin, mai unguwa ya san su, a riƙa biyansu. Masarauta da gwamnati kowa na da filin da zai iya saki, kamar yadda aka saki na Topkapi.

Ranar da Inna za ta koma ta ce in sai mata 'ya'yan lalen nan ta tafi da su. Na ce ba za su yi ba, sanyi suke so. Ta ce to a bar su. A tsakar gidanta akwai zogale da lalle da lemun tsami ɗaya da take ba ruwan alwala, ba mai ganinsu sai wanda ya yi sallama ya shiga. Shekaranjiya da muka yi waya, bayan ta gama ba ni labarin gwiwa da tsadar gero, ta ce, "Auta, zalɓen nan masu surutu, sun dawo bana?"