Sati Uku Aka Ce Mini, Yau Sati Goma Sha Ɗaya

Yau kwana huɗu ke nan, amma har yanzu in na tuna fuskar yarinyar nan ta bayan gilashi a cibiyar karɓar takardun bizar Birtaniya sai in ji wani abu ya tokare mini maƙoshi. Na so in haɗiye kamar yadda muka saba haɗiye komai a ƙasar nan, abin ya ƙi wucewa. To bari in amayar da shi.

Shekarata 11 ina aikin jinya da ungozoma a Katsina, mafi yawansu a ɗakin haihuwa. Duk wanda ya taɓa neman aikin asibiti a Birtaniya ya san wahalar hanyar, ba sai an yi masa fashin baƙi ba. Jarrabawar Turanci ta IELTS, wadda sai ka ci maki 7 a karatu da sauraro da magana, 6.5 a rubutu, sau biyu na zauna ta. Ba faɗuwa na yi ba. Ta farkon na ci, amma sakamakon shekara 2 kacal yake yi, ya mutu a hannuna ina jiran a tantance takarduna a nan gida. Na sayar da 'yan kunnen zinaren da Inna ta ba ni ranar aurena, na sake biya. Na ci jarrabawar kwamfuta ta hukumar jinyar can. Na yi hira da asibitoci ta bidiyo ina tsaye a tsakar gida, don a nan kaɗai sabis yake kamawa. Na je Abuja gwajin tarin fuka, wanda takardarsa wata 6 take yi. Yayana ya ara mini kuɗin da suka kai fam 1,270, suka kwana 28 a asusuna ban taɓa ko sisi ba, alhali muna cin bashin masara a shago. Kuɗin biza sama da fam 300, a lokacin da fam guda ke neman naira 2,000. Duk na biya, ban yi ƙorafi ba.

Ranar da aka ɗauki hotona da zanen yatsuna a cibiyar karɓar takardu a Abuja, aka ce sati uku. Haka ma yake a rubuce. A sati na huɗu saƙo ya zo wai ba za a iya yanke hukunci a kan lokaci ba, babu dalili, babu rana. A sati na shida wani ya zo wai ba a ga takardar gwajin tarin fuka a cikin takarduna ba. Takardar da na miƙa da hannuna, na kuma biya kuɗi na daban a cibiyar don su ɗora ta a kwamfuta da kansu, saboda gudun irin wannan! Rasit ɗin yana cikin jakata. A ranar na sake aikawa ta imel. Shiru. Tambaya ma ba kyauta ba ce, kowace wasiƙa sai ka biya fam 2.74. Sau uku na biya, sau uku aka dawo mini da amsa iri ɗaya, ko waƙafi bai canza ba. Asibitin da ya ɗauke ni kuwa ya rubuto cewa waɗanda aka ɗauke mu tare sun fara aiki, ba za su iya riƙe mini gurbi ya wuce ƙarshen watan nan ba.

Shi ya sa na roƙi abokiyar aiki ta riƙe mini kwana biyu, na bar yara wajen kishiyar Inna, na shiga mota bayan sallar asuba ranar Litinin. Wanda ya san hanyar Funtuwa zuwa Zariya zuwa Kaduna ya san ba da barci ake bin ta ba, da addu'a ake bin ta. Na kwana wajen gwaggona a Kubwa. Ƙarfe bakwai na safiyar Talata ina bakin ƙofar cibiyar.

Mai gadin ɗan uwanmu ne, da jin harshensa. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, in babu takardar ganawa ba a shiga." Na nuna masa rasit, na faɗa masa daga inda na taso. Ya girgiza kai, ya ce in tsaya gefe. Awa uku na yi a gefen nan, rana tana dukana, kafin ya samo wanda ya yarda in shiga. Allah Ya saka masa da alheri, shi kaɗai ya ɗauke ni mutum a wajen.

Na isa taga. Yarinya ce da ba ta kai autarmu ba. Na gaishe ta. Ba ta ɗago ba. Na sake gaishe ta. Idonta na kan kwamfuta ta ce da Turanci, "Mene ne?"

Na tura rasit da kwafin saƙon ta ƙarƙashin gilashi, na fara bayani a hankali, don na yi wa kaina alkawari tun a mota ba zan ɗaga murya ba. Ban kai rabi ba ta sa bakin biro ta turo takardun waje. Da biro. Ba ta karanta ba, ba ta ma yarda yatsanta ya taɓa ba, kamar na miƙo mata tsumman da aka goge jini.

Ta ce, "Madam, ba mu muke ba da biza ba."

Na ce na sani, ba biza na zo karɓa ba. Na zo ne a duba mini ko takardar da na biya ku ku ɗora ta hau, in ba ta hau ba a ɗora yanzu, ga ta a hannuna. Aikin minti biyu ne.

Ta ce, "Je ki duba imel ɗinki."

Na ce imel ɗin ne ya taso ni daga Katsina.

A nan ta ɗago, karo na farko. Ta dube ni daga hijabi har ƙasa, a hankali, sannan ta ce, "Kin biya kuɗin gaggawa?" Na ce a'a. Ta ɗage kafaɗa. "To me kike so in yi miki? Da kin biya da yanzu kina can."

Kuɗin gaggawar nan fam 500 ne, a duba takardarka cikin kwanakin aiki 5. Kusan naira miliyan ɗaya. Ita da take faɗa kamar kuɗin kati, wata nawa za ta yi tana tara albashinta kafin ta haɗa miliyan? Kuma tunda ana iya gamawa a kwana 5 in an ga kuɗi, ashe ba aikin ne ya yi yawa ba. Layin talaka aka tsayar don mai kuɗi ya wuce.

Na danne zuciyata na ce, "Ƙanwata, don Allah ki haɗa ni da shugabanku." Ta ce ba ya nan. Na ce zan jira. Ta ce ba a jira a nan. Na ce gurbin aikina zai tafi ƙarshen wata, shekara uku nake wannan fafutuka. Sai ta faɗi maganar da ta hana ni barci har yau: "Ku ne kuke son tafiya. Ba wanda ya aiko a kira ku." Ta leƙa bayana ta ce, "Na gaba!" Ina tattara takarduna na ji ta ce wa na kusa da ita, "Mutanen nan," suka yi dariya.

Ba wanda ya kira mu? To takardar ɗaukar nauyi da asibitin can ya ba ni, wadda in babu ita ba a ma fara cike fom, daga sama ta faɗo? Wa ya zauna ya yi mini tambayoyi na minti arba'in a kan yadda ake tsayar da jini bayan haihuwa, ya ce ya gamsu? Ni na roƙe su su rasa ma'aikata? Kuma albashin da ake ba ki, ƙanwata, daga ina yake fitowa in ba daga aljihun "mutanen nan" ba? Kujerar da kike kai, sanyin da ke kaɗa ki, biron da kika ture ni da shi, 'yan kunnen uwata ne a ciki. Ni in mace ta zo mini da naƙuda ƙarfe biyun dare ba ta da kati, ba ta da kuɗin safar hannu, ba na ce mata ta je ta duba imel. Durƙusawa nake in karɓi abin da ke cikinta. Wata rana ke ma za ki kwanta a gadon nan, ki kalli fuskar wata nas kina fatan ta ɗago ta dube ki.

Su ma masu bizar ba zan ƙyale su ba. A 2020, da korona ta tasa su gaba, kowace Alhamis da yamma suna fitowa ƙofar gida suna tafa wa ma'aikatan asibiti, a watan Agustan shekarar suka buɗe biza ta musamman don ma'aikatan lafiya. Da iska ta lafa fa? A watan Maris na 2024 suka hana masu kula da tsofaffi tafiya da mata da 'ya'yansu. A watan Yulin 2025 suka rufe ƙofar aikin kula da tsofaffin gaba ɗaya ga masu nema daga waje. A watan Mayun shekarar suka fito da shirin mayar da wa'adin samun zaman dindindin shekara 10 maimakon 5. Hannunmu suke so a kan majinyatansu, fuskarmu ce ba sa son gani. In ba ku buƙata ku faɗa tun kafin mutum ya sayar da abin hannunsa. In kuna buƙata, ku cika sati ukun da kuka rubuta da kanku.

Amma a mota, da muka wuce Jere hawayena suka tsaya, sai na ga ba yarinyar ce ta kai ni bakin tagar nan ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Wa ya koro ni?

A garin Abujan nan da aka shanya ni a rana, a 2001, shugabannin Afirka suka sa hannu cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi zai tafi lafiya. Shekara ashirin da ɗoriya, namu yana ta yawo a wajejen kashi 5. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mu a jerin ƙasashe 55 da ma'aikatan lafiyarsu suka yi ƙaranci a 2023, mu da Nijar da Chadi da Kamaru da Gana. Amma a 2019 ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi kansa likita ne, ya fito a talabijin ya ce likitoci sun yi mana yawa, mai tafiya ya tafi. Da suka ga an tafi ɗin da gaske, maimakon a gyara albashi, a sayo kayan aiki, a ɗauki dubban yaran da suka gama makarantun jinya suna zaune a gida, sai a watan Fabrairun 2024 aka ɗaura mana igiya: sai ka yi shekara 2 kana aiki kafin a tantance takardunka, sai shugabanka ya rubuto maka shaida, sannan ka jira watanni. Har ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. A ƙarshen Yulin 2025 muka shiga yajin aikin gargaɗi a kan alawus da ƙarancin hannu, aka zauna, aka yi alkawura. A ɗakinmu dai har gobe nas biyu ne ke kwana a kan mata fiye da ashirin.

Mu Katsinawa mun fi kowa sanin wannan ciwo. Shugaban ƙasa biyu muka haifa. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, Jidda aka kai shi jinya a watan Nuwamban 2009. Marigayi Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan a 2017, kuma a asibitin Landan rai ya yi halinsa a watan Yulin 2025. Allah Ya ji ƙansu, ba na yi wa mamaci gori. Masu rai nake tambaya: in asibitin ƙasar nan bai isa ya duba shugabanta ba, da wane baki kuke ce mini in zauna don kishin ƙasa? Ku kuna tafiya can a kwantar da ku, fasfonku na manya ba ya kwana a layi. Mu da za mu je mu sa muku ƙarin ruwa, mu ne ake turewa da biro.

Sai kuma namu na gida, masu cewa, "Mace da tafiya Turai? Kin bar talakawa wa zai duba su?" Ina kuke ranar da aka yi wata uku ba a biya mu alawus ɗin dare ba? Ina kuke lokacin da nake cire kuɗin cefanena ina sayen allurar tsayar da jini don kada wata ta mutu a gabana? Ba ku taɓa tsayawa ƙofar gwamna kun tambayi dalilin da ya sa babu jini a ma'ajiya ba, amma ni da na gaji kun iya tambayata. Maigidana da zai riƙe yara shi kaɗai har in samu wuri bai ce uffan ba, sai ku. Shekara 11 na ba ku. Bashin da ke kaina na mai shago ne da na yayana, ba naku ba ne.

Daren Laraba na koma aiki, ƙafafuna a kumbure saboda zaman mota. Ƙarfe ɗaya aka ɗauke wuta, janareta babu mai. Wata yarinya 'yar shekara 17 daga ƙauye ta zo da haihuwar fari, uwarta ta riƙe mini wayata tana haska mini ina ɗinki. Na kashe data tun farkon dare don caji ya kai mu asuba. Da gari ya waye, uwa da jariri lafiya, na wanke hannu, na kunna, na buɗe imel da kashi 4 da ya rage. Babu komai. Saura kwana tara wata ya ƙare.